Abin da ke tsare kogi daga baƙon kifi

Ɗana, ka tambaye ni yadda ake gane kogin da baƙon kifi zai iya mamayewa, da kuma ko madatsar ruwa ta isa ta tare shi. Dubi giwan ruwa, wanda masunta ke kamawa a Kainji da Tafkin Chadi. A wajenmu ɗan gida ne, ƙananan kifaye sun saba da shi, sun san maɓoyarsu.

Tafkin Biktoriya kuwa, da ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya, bai san shi ba, domin magangarar ruwa ta Murchison da ke kan Kogin Nilu, wadda tsayinta ya haura mita 40, ta hana shi hawowa daga Tafkin Albert. Magangarar ba ta gaza ba, mutane ne suka ɗauko shi a shekarun 1950 suka zuba shi a ruwan da ke samanta don bunƙasa sana'ar kamun kifi. Ya yi lamo fiye da shekara ashirin, sannan a shekarun 1980 ya cika tafkin, har ana ƙiyasin cewa kimanin iri 200 na ƙananan kifaye dangin karfasa sun ɓace. Dazuzzukan gaɓar ma sun ji a jikinsu, saboda namansa yana da kitse, ba ya shanyuwa a rana, dole sai an yi banda da itace.

Saboda haka idan aka tura ka duba kogi, kada ka yanke hukunci da rani. Koma cikin watan Agusta, lokacin da ambaliya ke haɗe fadama da tafki da rafi su zama ruwa ɗaya, ka ga ta inda kifi zai ratsa. Ka lura da ɗumin ruwan, da abincin da baƙon zai tarar, da ko akwai mai cin 'ya'yansa. Abin da ya fi damuna shi ne kududdufan kiwo da aka haƙa dab da gaɓa: ka tambayi mai kududdufan inda ya sayo irin kifinsa, ka duba ko akwai raga a bakin bututun da yake sakin ruwa.

Madatsa tana tare mai hawowa, amma da an buɗe ƙofofinta na sama zai gangaro, kuma takan hana namu kifin zuwa inda yake zuba ƙwai. Don haka kafin ka ba da shawarar kafa wani shinge, ka fara zama da masunta da masu kiwo na yankin, ka ji wa ke ɗaukar kifi mai rai daga wannan ruwa zuwa wancan.