Gidajen tarihi a Savannah: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce yini ɗaya kawai gare ka a Savannah ta jihar Jojiya a Amurka, kana tambayar tsohon gidan da ya fi cancanta ka shiga. Ni dai Owens-Thomas zan ce maka. An kammala gina shi a 1819, kuma Janar Lafayette na Faransa ya sauka a cikinsa a 1825. Amma abin gani na gaske yana bayan gida, wato ɗakunan bayi, inda har yau shuɗin fentin da ke rufin bai gama gogewa ba. Daga nan masu jagora suke fara zagayawa da baƙi kafin su kai su falon masu gida. A ganina hakan ya dace, domin da gumin waɗannan bayin aka riƙe gidan.

In lokaci ya rage, leƙa gidan Davenport. A 1955 an so a rushe shi a yi wurin ajiye motoci, sai wasu mata bakwai suka haɗa kuɗi suka saye shi. Nan aikin ceto tsoffin gidajen garin ya samo asali.

Mota kam, ajiye ta. Tun 1733 James Oglethorpe, wanda ya kafa garin, ya tsara shi da dandali-dandali, guda 22 na nan har yanzu, kowanne da inuwar itatuwa. Da ƙafa ake zagaya su.