Kwamfuta ta ƙi tashi bayan an ƙara mata RAM

Malam, ka ce tsohuwar kwamfutarka ta tebur ta ƙi tashi tun da ka ƙara mata RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita): fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Kada ka karaya, da wuya a ce ta mutu.

Zare wayar wuta tukuna. Cire sabon RAM ɗin, ka mayar da tsohon shi kaɗai, ka danna sosai har maƙallan gefe biyu su kama. Idan ta tashi, mai yiwuwa sabon ne bai dace da ita ba, domin tsofaffin injuna suna da iyakar girman da suke karɓa. Idan har yanzu shiru, duba filogi mai ƙafa 4 da ke kai wuta ga furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), hannu kan ture shi ba a sani ba. Sannan ka cire batirin CR2032 (ƙaramin batiri mai kama da kwabo da ke cikin kwamfutar) na minti 5 ka mayar, BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfutar) ta koma saitinta na asali.