Me Mujiya Take Faɗa Idan Ta Yi Kuka Da Dare?

Tambaya: Kusan kullum bayan faɗuwar rana nakan ji mujiya tana "huu-huu" a kan wata bishiya, wani lokaci wata ta amsa mata daga nesa. Me ke sa su wannan kuka, kuma duk ma'anarsa ɗaya ce?

Amsa: Malam, abin da kake ji zance ne tsakanin mujiya da 'yan uwanta. Tsuntsun da ke harkarsa cikin duhu launin gashi ba zai isar masa da saƙo nesa ba, sai murya.

Wannan "huu-huu" mai kauri yawanci na namiji ne, kuma jifa ɗaya yake yi da manufa biyu: yana shelanta wa sauran maza cewa wurin nan da mai shi, yana kuma kiran mace. Shi ya sa kukan ke ƙaruwa gab da lokacin saka ƙwai, musamman da almuru da kuma kafin ketowar alfijir. Kashedin da baki ya fi masa arha, domin faɗa da farata yana iya nakasa ko da wanda ya yi nasara.

Ka kasa kunne ga wadda ke amsawa. Idan muryoyin biyu suna karɓa-karɓa daga kusa, ɗaya mai kauri ɗaya ta ɗan fi siranta, to mata da miji ne. A manyan mujiyoyi da dama macen ta fi girman jiki, amma namijin ya fi ta kaurin murya. Idan kuwa dukansu masu kauri ne, kowanne daga nasa ɓangaren, maƙwabta ne ke tuna wa juna iyaka.

Sautin yana fitowa ne daga wata 'yar gaɓa a ƙasan bututun iska, daidai inda ya rabu biyu ya nufi huhu. Da ka haska mujiya tana kuka, da ka ga bakin kusan a rufe, jikin ya ɗan sunkuyo gaba, maƙogwaro na kumbura yana sacewa. Wasu suna da farin gashi a wurin, wanda ke bayyana duk lokacin da ya kumbura, ya zama alama ga idon da ke kallo. Amfanin kaurin muryar shi ne ratsa ganye da rassa. Kukan manyansu yana wuce kilomita 1 a daren da iska ta kwanta. In ana ruwa mai ƙarfi sukan yi shiru, tunda saƙon ba zai je ko'ina ba.

Sai dai nau'in mujiya ya haura 200, kuma ba duka ke "huu-huu" ba. Farar nan mai fuska kamar hoton zuciya ƙara take ƙwallawa mai kaushi ta kamar daƙiƙa 2. Wasu ƙanana fito suke yi. Ba koyon kukan suke ba, da shi ake ƙyanƙyashe su, saboda haka masana ke gane nau'i daga murya kawai.

Akwai kuma zancen kusa. 'Ya'ya na huci a jere idan suna jin yunwa. Wadda aka matsa wa takan ƙas-ƙas da baki, ta buɗe fukafukai, ta hura gashi don ta ƙara girma. In ka ga haka ka ja baya, wataƙila sheƙarta na nan kusa. Mujiyar rami ta nahiyar Amurka har kwaikwayon ƙarar macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya take yi. 

Muna roƙon ka da abu guda: kada ka riƙa kunna mata kukan mujiya daga waya don ta matso. Namijin zai ɗauka wani namiji ya shigo masa, ya bar farauta ya koma neman abokin gaba, alhali mace na kwance kan ƙwai tana jiran abin da zai kawo.