Tambaya da Amsa: Yaya Sufayen Buda Suka Rika Ketare Teku?

Tambaya: Malam, na ji an ce tun kafin zuwan jirgi mai inji, sufayen addinin Buda na zirga-zirga tsakanin Sin da Indiya ta ruwa. Wace hanya suke bi, kuma wa ke daukar nauyinsu?

Amsa: Iska ce direbansu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu takan kada daga arewa maso gabas, ta kora jirage daga Sin zuwa kudu. Daga Yuni zuwa Satumba sai ta juya. Wanda ya makara, sai ya yi zaman jira na watanni a tasha, kuma wannan jiran ne ya mai da wasu tashoshi makarantu.

Dubi Yijing, wani sufi dan kasar Sin. Ya bar Guangzhou a 671, cikin kwana kamar 20 ya isa Srivijaya, wato Palembang ta yau a tsibirin Sumatara. Wata shida ya yi can yana koyon nahawun Sanskrit, tsohon harshen Indiya, sannan ya bi ta Kedah ya sauka Tamralipti a gabar Bengal, ya taka zuwa Nalanda, babbar cibiyar karatun addinin Buda a Indiya. Ya rubuta cewa sufaye fiye da 1,000 ne a Srivijaya, har ya shawarci 'yan kasarsa su yi shekara daya ko biyu a can kafin su wuce Indiya.

Tafiyar fa ba wasa ba ce. Jirgin da Faxian, wani sufin Sin da ya riga Yijing, ya hau daga Siri Lanka, mai mutum kusan 200, ya huje cikin guguwa, aka rika watsa kaya a teku don a rage nauyi. Jirgi na biyu da ya hau zuwa Guangzhou ya dauki guzurin kwana 50, amma hadari ya rufe taurari, matuka suka bace. Aka koma girki da ruwan gishiri, ruwan sha kuwa sai da awo. Maimakon Guangzhou, a Shandong, can arewa da nisa, suka tsinci kansu.

Batun kudi kuwa, jiragen na fatake ne, gine-ginen na sarakuna. Wajen 860, sarki Balaputra na Sumatara ya gina gidan sufaye a Nalanda, sarki Devapala na Bengal ya ba da kauyuka biyar don ciyar da shi. Haka aka yi a Nagapattinam da ke kudancin Indiya wajen 1006, inda sarkin Srivijaya ya gina gidan sufaye, sarkin yankin Rajaraja Chola ya ba da kauyen Anaimangalam. Sai dai zumuncin ibada bai hana rikicin kasuwa ba: a 1025 Rajendra, dan Rajaraja, ya tura jiragen yaki suka afka wa Srivijaya.