Lambar ta mutum ce, ba ta kamfani ba

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka tambaya yadda aka yi 'yan'uwanmu na nan Ingila suke cewa sun bar wannan layi sun koma wancan, amma lambar da ake kiransu da ita tana nan yadda take shekara da shekaru. Amsar ita ce a nan doka ta ba mutum damar tafiya da lambarsa duk kamfanin da ya ga dama. Shi ya sa ba a gane layin mutum daga farkon lambarsa, yadda a gida ake jin 0803 a ce MTN ne. Kusan dukkanmu 07 muke farawa da ita, daga nan kuma sai mai lambar ya faɗa maka inda yake.

Hukumar da ke kula da sadarwa, Ofcom, ta sauƙaƙa abin tun watan Yulin 2019. Ka tura kalmar PAC zuwa 65075, kyauta ne, sai kamfanin da kake ciki ya maido maka da wata lamba mai haruffa 3 da alƙaluma 6. Ita za ka ba sabon kamfani, su kuma su ƙarasa aikin cikin ranar aiki guda. Tana aiki kwana 30, in ta wuce sai ka nemi wata. Ba sai ka kira kowa ya tsaya yana lallashinka ka zauna ba. A cikin saƙon za su rubuta maka bashin da ake binka idan yarjejeniyarku ba ta ƙare ba, domin da yawa a nan wata 12 ko 24 suke ɗaukar layi, wani lokaci haɗe da wayar da ake biya kaɗan-kaɗan. Wanda yake son sanin bashin kawai, INFO zai tura zuwa 85075.

Inda muke yawan ja wa sababbin zuwa kunne shi ne kada mutum ya rufe tsohon layi da kansa kafin a kammala. In ya rufe, lambar na iya tafiya, dawo da ita kuma aiki ne ja. Ya bar tsohon sim a waya har sai ya ga sabis ya ɗauke, sannan ya sa sabon. Kuɗin kiran da ya rage a ciki ma gara ya cinye shi tun da wuri.

Ka san dalilin da ya sa muke riƙe lamba da hannu biyu? Rayuwar nan gaba ɗaya a kanta take rataye. Banki ita yake turo wa lambar sirri kafin ka fitar da kuɗi. Asibiti ita yake tunatarwa ranar ganin likita, makarantar yara ita za ta kira in yaro ba lafiya, wurin aiki haka. Sannan ga ku. Akwai tsofaffi a gida da aka rubuta musu lambar ɗansu a bangon littafi, wani ma haddace ta ya yi, ita kaɗai ya sani. Ranar da aka yi rasuwa ko haihuwa, ita za a kira da tsakar dare. Mutum bai kamata ya yar da irin wannan don rangwamen fam biyu ba, tunda zai iya samun rangwamen kuma ya tafi da lambarsa.

Mutanenmu kuwa suna yawan canza layi, musamman masu bin Lebara da Lycamobile saboda arhar kiran gida, ko da yake WhatsApp ya rage wannan buƙata sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa gida su daɗe. Layin da ake sa wa kati, idan aka bar shi watanni ba kira ba saƙo, kamfani na da ikon kashe shi, daga baya ya ba wani lambar. Kowane kamfani da nasa wa'adin. Don haka duk wanda zai yi doguwar tafiya muna gaya masa ya bar 'yan kuɗi a ciki, ya riƙa tura saƙo ko da sau ɗaya a wata.

Ku ma a gida kuna da wannan dama ta canza layi ku tafi da lambarku. NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta buɗe ta tun 2013, sai dai ku da kanku za ku je ofishin sabon kamfanin da shaidarku, kuma sim ɗin ya kasance da sunanku aka yi masa rajista. A gaishe da mutan gida.