Kwabon Edward da aka toshe wa huda

Wai sulen da aka kawo maka jiya yana da wani zare da ya ratsa rubutu, haruffansa kuma kamar an buga sau biyu, kana tambaya ko kuskuren gidan buga kuɗi ne ka saya da tsada. Miƙo nan. Kai, ta gefe ake riƙe tsaba! Wata nawa ke nan kana shagon nan?

Karkata shi ga hasken ƙofa. In zaren ya taso sama da fuskar kuɗin, hatimin bugu ne ya tsage, ƙarfe ya kutsa cikin tsagar, wannan daga can ya zo da shi. In ya nutse ciki, karce ne. Naka ya nutse, wani ne ya ja masa ƙusa. Haruffan kuma dubi yadda na biyun ya kwanta kamar matakala: hatimi ne ya ɗan yi rawa lokacin bugu, ba ya ƙara ko anini. Na gaske irin sentin Amurka na 1955 ne, inda aka ninka zanen a jikin hatimin kansa, kowane harafi ya fito biyu, dukansu a cike, ko ba gilashi za ka gani. Mayar wa mai shi abinsa.

Amma zauna, ka tuna mini abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Bayan canjin kuɗi na 1984, kasuwa ta yi sanyi, wani dattijo ya shigo mini da babbar riga da carbi, ya gaisa kamar mun yi shekara goma da sani. Ya kwance wani ƙyalle, sai ga kwabon 1936. Ka san shi, mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya hau gadon sarauta a Janairu ya sauka a Disamba. A Ingila ba a kashe kuɗi da sunansa ba, mu nan Afirka ta Yamma muka kashe, kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, da anini. An buga su da yawa, ko yau ka zazzage gwangwanin can za ka samu. Sai dai na dattijon nan babu huda a tsakiyarsa, a shafe yake sumul.

Gabana ya faɗi. Huda aiki ne daban da bugu, don haka wani kan kuɓuce wa injin ya fita haka nan, kuma Turawa masu tara tsaba suna neman irinsa ido rufe. Na juya shi na ga ƙaramin H, na ce masa wannan na kamfanin Heaton ne a Birmingham, da KN ne da King's Norton ya fito. Ina ta zuba ilimi, yana ta cewa lalle Malam ka san aiki. Ya ce na kakansa ne, a cikin tukunya aka same shi, ba don aurar da 'ya ba da ba zai rabu da shi ba. Ya miƙe zai tafi sau biyu, wai wani a layin baya ya yi masa tayi. Ni da kaina na riƙo rigarsa. Na sayar da kekena, na haɗa da kuɗin ragon layya, na ba shi.

Na nannaɗe kwabon na ajiye ina jiran wani Bature da yakan zo wurina da rani. Damina ta wuce a kansa. Ranar da Baturen ya zo, har da kiran maƙwabta su zo su ga ciniki. Na buɗe, sai ga baƙin zobe ya kewaye tsakiyar, daidai faɗin huda. Maƙerin farfaru aka kai wa, ya yanko ƙarfe ya toshe, ya liƙe da azurfa, ya goge, aka shafe da dauɗa da mai. Azurfa ta ji danshi ta yi baƙi, jikin kwabon kuma jan ƙarfe ne da nikel, bai canja ba. Baturen ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani kwabon, ya ce tif, babu amon nan mai tsawo. Bai ce komai ba, ya ajiye mini a kan tabarma. Gara ma da zagina ya yi.

Ƙwanƙwasawar nan na iya ta tun kafin a haifi ubanka. Gilashina yana aljihu. Ban taɓa ko ɗaya ba, saboda ina sauraron mutumin da yake yabona. Shekarar nan matata ta ci naman layya a gidan maƙwabta, kuma har ta rasu ba ta daina kiran kwabon nan da ragonmu ba. Dattijon kuwa ban sake sa shi a ido ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku 'yan yanzu ma kun fi ni. Ku ga hoto a waya an ce sentin 1943 na jan ƙarfe ya yi tsadar gida, ku taho a guje. Na shekarar nan da baƙin ƙarfe aka buga saboda yaƙi, 'yan damfara su shafa masa ruwan jan ƙarfe, wasu su kankare 8 ɗin 1948 ta koma 3. Mayen ƙarfe kaɗai ya isa ya tona na farkon, amma wa zai tsaya?

Kuma jiya na gan ka da lemon tsami da toka kana dirzar liyari, tsohon kuɗin azurfa, wai ya yi ƙyalli. Ka kashe masa rabin kuɗi. In na sake gani, gidanku za ka koma. Tashi ka buɗe akwatin ƙasan can, kwabon yana cikin jan ƙyalle. Ɗauki gilashi ka nuna mini inda liƙin ya fara, kafin a kira la'asar.