Na san kalmomin Turanci, amma jera su ke ba ni wahala

Tambaya: Na haddace kalmomin Turanci masu yawa, amma da na zo haɗa jimla sai su watse mini. Ana gane nufina, sai dai kullum a ce jerin bai yi daidai ba. Wane irin atisaye zan yi?

Amsa: Kwantar da hankalinka, domin ƙashin bayan jimla ɗaya ne a harsunan biyu: aikau (mai yin aikin), sai aikatau (kalmar aikin), sai karɓau (abin da aikin ya faɗa wa). "Yaron ya karanta littafi" da "The boy read a book" sawu ɗaya suke bi. Wurare kaɗan ne suka raba hanya, kuma can ya kamata ka zuba ƙarfinka.

Fara da "ya" ɗin nan. A Hausa dole ne ya biyo suna, amma a Turanci da ka ambaci suna ba ka ƙara wakilinsa, shi ya sa "The boy he read" kuskure ne. Haka "mutumin da na ba shi littafi" ke zama "the man I gave a book to", babu "him".

Sai abin da ke raka suna. Mu muna cewa motoci uku, motata, motar nan. Turanci gaba yake turo su duka: "three cars", "my car", "this car". Idan sun taru, mallaka ce farko, sai adadi, sai sifa, sannan suna: "my three white cars". Shi kuma "ne" ko "ce" da muke rufe jimla da shi, takwaransa tsakiya yake zama: "He is a teacher".

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tambaya. Bahaushe yana ɗaga murya kawai, ko ya sa "shin", jerin bai motsa ba: "Ka gama?" A Turanci ƙananan kalmomin taimako irin su "is", "can", "will" da "have" ne ke tsallakowa gaban aikau: "You have finished" ya koma "Have you finished?" In babu irinsu a jimlar, sai a aro "do", "does" ko "did", aikatau kuma ya koma siffarsa ta asali. Ana cewa "Did she go?", ba "Did she went?" ba, tunda "did" ya riga ya ɗauki lokacin. Korewa ma a kansu take rataya: "She did not go". Akwai tarko biyu a nan. Idan tambaya ta shiga cikin wata jimla, juyin ya warware: "Where is he?", amma "I don't know where he is". Sannan idan mai aikin ake nema, ba a aron komai: "Who called you?"

Kada kuma ka cusa bayanau (kalmar da ke bayyana yadda aka yi aikin, kamar "well") tsakanin aikatau da karɓau. "I speak English well" ake cewa, ba "I speak well English" ba. Yadda aka yi, sai wuri, sai lokaci, shi ne jerin da aka fi bi a ƙarshen jimla.

A ganinmu haddar ƙa'ida ba ta gyara baki, juya jimla ke gyara shi. Ware minti 15 kullum. Ɗauki jimla ɗaya gajera, kamar "She writes letters", ka juya ta sau 5 da babbar murya: ka kore ta, ka mai da ita tambayar i ko a'a, ka tambaya da "what", ka sa tambayar bayan "I know", sannan ka ƙara mata wuri da lokaci. Idan harshe ya sarƙe, rubuta kowace kalma a guntuwar takarda, ka shimfiɗa su a tebur, ka ɗaga "does" da hannunka ka kai shi gaban "she", ka cire "s" ɗin "writes". Abin da hannu ya motsa ido ba ya saurin mantawa.

Sau 2 a mako kuma, samo jimloli 5 na ingantaccen Turanci, ka fassara su zuwa Hausa, ka ajiye. Washegari ka mai da su Turanci ba tare da leƙen asalin ba, sannan ka gwada su kalma da kalma. Duk inda jerinka ya saɓa, ja layi a ƙarƙashinsa ka kwafe shi a littafi na daban. Kuskuren da ya fito sau 3 a littafin, da shi za ka yi juyin jimla na mako mai zuwa.